Kwalaben Bakin Taga

Bangon da ya raba kicin da ɗakin karatun Mai Kwalba sunan bango kawai ya ci. Katako ne aka tsayar aka shafe da fenti, ko cokali ya faɗi a can sai ka ɗaga ƙafa a nan. Ranar Asabar ɗin nan da yamma kuwa ba cokali ne ya faɗi ba. Matarsa ce da 'yarsa suke cacar baki, irin ta ƙasa-ƙasa ɗin nan da ta fi ihu shiga kunne.

"Mama, ni yau zan faɗa masa."

"Ki bari ya ci abinci tukuna."

"Bara ma haka kika ce. Ya ci, ya sha, ya wanke hannu, shekara ta wuce."

"To ki je ki yi rajistarki mana. Wa ya ɗaure ki?"

"Alkawari na yi masa ba zan shiga makarantar da bai amince da ita ba. Ai kina wurin."

"Ina wurin, har na taka miki ƙafa a ƙarƙashin tebur, kika janye ƙafarki." Murfin tukunya ya sauka da ƙarfi. "Ke kin taɓa ganin makarantar da ubanki ya amince da ita? Tun kina ciki yake zaɓe. Mutumin nan ba zaɓe yake yi ba, ɓuya yake yi. Bayan kwalba ya samu ya laɓe."

Mai Kwalba yana zaune a kujerarsa, ƙasidar wata jami'a buɗe a cinyarsa, hasken yamma yana ratsa kwalaben da ya jera a bakin taga yana zuba masa kore-kore a kan takarda. Abin da ya fara taso masa ba fushi ba ne, gyara ne. Ba tun tana ciki ba. Ta riga ta fara rarrafe. Ba zai manta ba, don ita ce ta yage masa ƙasidar farko ta kai baki. Har ya buɗe baki zai ɗaga murya ya gyara musu, sai ya lura gyaran ba zai fisshe shi ba. Ya mayar da bakin ya rufe. Ya juya shafi a hankali don kada su ji.

A gidan ruwa na gari yake aiki, a ɗakin gwaji. Aikinsa ya bi unguwa-unguwa ya ɗebo ruwan famfo a kwalba, ya kawo ya gwada, ya faɗa ko zai shawu ko ba zai shawu ba. Sunansa na gaskiya yana nan a katin aiki, amma ko shugabansa sai ya duba katin kafin ya tuna. Duk wanda ya taɓa ganinsa a bakin famfo ba ya mantawa. Sai ya wanke hannu, ya kunna 'yar wuta ya gasa bakin famfon, ya bar ruwan ya yi ta zuba har masu jiran layi su fara tsaki, sannan ya cika kwalbar, ya rufe, ya kwantar da ita a kula tsakanin ƙanƙara kamar mai shimfiɗe jaririya. Daga nan ba gaisuwa, ba tsayawa sayen komai. Ruwan da aka ɗiba da safe, kafin rana ta take yana kan teburin gwaji. An taɓa ganinsa ya wuce surukinsa a bakin titi mota ta mace masa, ya ɗaga masa hannu kawai ya nuna masa kular. Surukin har yau bai huce ba.

"Samfur ba ya jira," shi ne abin da yake fara gaya wa duk sabon ma'aikaci, tun kafin ya nuna masa inda banɗaki yake.

Kimiyyar muhalli ya karanta, ya kuma fita da sakamako mai kyau, ba irin wanda ake bugawa a jarida ba, irin dai wanda uwa take zagayawa da shi gidajen maƙwabta. Ranar da ya je sallama da malamansa, wani tsohon farfesa da ke laluben makullin mota a aljihu ya ce masa, ko ɗagowa bai yi ba, "Kai kam digiri na biyu ya kamace ka." Wataƙila farfesan ya faɗa wa duk wanda ya tare shi a ranar haka, don ya samu ya isa motarsa. Mai Kwalba dai ya naɗe maganar ya sa a ƙirji. Da ita ya shiga aiki, da ita ya nemi aure. Ya gaya wa yarinyar, wadda a lokacin sabuwar malamar lissafi ce, cewa ta yi tunani da kyau, don shi mutum ne mai shirin tafiya ƙaro karatu, za ta sha zaman kaɗaici. Ta yi tunani, ta yarda, har ta koyi saƙa don ta samu abin rage kewa. Ta saƙa wa dangi kaf hulunan sanyi, mutum yana zaune a falo.

Da farko fannin ne ya tsaya masa a wuya. Kimiyyar muhalli gida ce mai ɗakuna da yawa. In ya bi ruwa, ai cikin ruwan yake tun safe har yamma, za a ce ya je makaranta ya koyo abin da ya sani. In ya bi iska, shi bai yarda da duk abin da ba a iya ɗaga shi a kwalba a duba ba. Ƙasa ta manoma ce. Shara ta fi kowanne kawo aiki, amma ya hango mahaifiyarsa tana gaya wa ƙawayenta ɗanta ya tafi ƙaro ilimin bola, ya ce a kai kasuwa. Sauyin yanayi ya burge shi wata shekara, har ya sayi littafi mai kauri. Zafi ya yi yawa a shekarar, bai samu ya karanta ba.

Sai dabara ta faɗo masa, dabarar da har yau yake ganin da ana adalci a duniya da a kanta aka ba shi digirin. Ya ce sashen da zai koya wa mutum tsabtar muhalli, a fara duba ruwan famfonsa. Wanda bai iya tsabtace abin da yake sha ba, me zai koya wa wani? Duk wanda ya ji sai ya gyaɗa kai. Magana ce da ba ta da wurin kamawa. Daga nan ya shiga bin jami'o'i da kwalba a aljihu. Ta bayan gada ta faɗi. Ta hanyar filin jirgi ta faɗi. Wata mai nisa, wadda ya yini a mota don ita, ta faɗi warwas, har ya kira maƙwabta suka leƙa abin da ke yawo a ciki suka yi ta salati. Duk shekara sai ya sake zagayawa, don shi ba ya riƙe mutum da laifin bara. Duk shekara su sake faɗuwa. Kowace kwalba kuma ba ya zubarwa. Hujja ce, a bakin taga take zama da sunan makarantarta a jiki.

Akwai abin da ba a rubutawa a ƙasida: zaɓe sana'a ce mai daɗi. A benen da suke haya an san shi da "wanda zai tafi ƙaro karatu". Ba a ba shi sakataren 'yan haya, don zai tafi. Ba a sa shi kwamitin gyaran kwata, don zai tafi. Ɗakin ajiyar da matarsa ta so ta sa tebur ta riƙa duba takardun ɗalibai, shi ya zama ɗakin karatu. A wurin aiki in za a tura mutum reshen bayan gari sai a tsallake shi. 'Ya'yan dangi da na abokai ana kawo masa su nemi shawarar inda za su, kuma shawara mai kyau yake ba su, don ba wanda ya kai shi sanin wace jami'a ce ke da ɗakin gwaji na gaske, wace ce hotonsa kawai gare ta. Sun tafi, sun gama, sun dawo. Ɗaya daga cikinsu yanzu shi ke sa hannu in Mai Kwalba zai tafi hutu. Shi kuwa yana nan yana shiri. Sannu ba ta hana zuwa, in ji shi. Malama, wadda ba ta iya barin lissafi rabi, takan ƙarasa masa daga kicin: sai dai a daɗe ba a je ba.

Wanda bai shiga aji ba, ba a taɓa tambayarsa ya kasa ba. Maganar farfesa tana nan sabuwa fil yadda aka ba shi ita, ba ta taɓa hawa teburin gwaji ba. Mutumin da ya gwada ruwan gari kaf, abu ɗaya ne bai taɓa yarda a ɗebi samfurinsa ba. Wannan bai taɓa faɗa wa kansa ba. Zagaye wurin dai yake yi, yadda harshe yake zagaye haƙori mai ciwo.

Da abin ya tsaya a kansa, da ba wanda ya damu. Sai ga 'yar, wadda shi ya laƙaba mata Raɓa tun tana cikin tsumma, ta tashi cikin kwalabe, ta ce ita ma kimiyyar muhalli za ta karanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji maƙwabta. Malama ta ce a wannan gidan ɗan ne ya yi gudu, barewar tana ɗaure takalmi. Ranar da sakamakon digirin Raɓa na farko ya fito, daɗi ya ɗebe ta a kan tebur ta ce ba za ta shiga kowace makaranta don digiri na biyu ba sai wadda Baba ya amince da ita, tunda shi ne masanin zaɓe. Bara jami'ar bayan gada ta ba ta gurbi a fannin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ya je ya ɗebo, ya gwada, ya dawo yana girgiza kai. Ta yi shekara tana koya wa yaran bene karatu a falo. Bana sun sake ba ta, suka kuma gaya mata ba a ajiye wa mutum kujera har abada. Ranar Juma'a ake rufe rajista.

Ya jira har ƙarar tukwane ta lafa, sannan ya yi tari, ya ja kujera da ƙarfi, ya fito yana miƙa kamar wanda barci ya sace.

"Malama, me aka dafa ne gidan ya yi tsit haka?"

"Shinkafa. Ita ba ta magana."

Suka zauna. Ya kai rabin faranti kafin Raɓa ta ajiye cokalinta.

"Baba, sun sake ba ni."

"Su wa?"

"Haba, Baba."

"To, to. Madalla. Ai adalci shi ne a sake gwada su. Zan leƙa cikin makon nan in na samu sarari."

"Litinin," in ji ta. "Tare za mu je. Ni zan riƙe kular."

"Wace kula?"

"Ta ƙanƙara, irin ta aiki. Mu ɗiba, mu wuce ɗakin gwaji kai tsaye, a sa shi a ranar. Samfur ba ya jira, Baba. Kai ka koya mini."

Cokalinsa ya tsaya a hanya. Gaskiyar magana ita ce, ruwan jami'o'i bai taɓa ganin ƙanƙara ba. Ruwan aiki na aiki ne. Wannan kuwa na kansa ne, don haka a aljihun riga yake zuwa gida, a ajiye shi a bakin taga sai an samu sarari. Sarari kan ɗauki mako, wani lokaci har wata. Maganin da ke cikin ruwan ya bi iska, ɗumin ɗaki ya yi aikinsa, shi kuma kullum sai ya buɗe murfin ya shinshina ya ji yadda ake ciki. Kowane irin ruwa aka yi wa wannan zaman, zai tsiro da abin da zai tsiro da shi. Ɗan aji biyu a jami'a ya san haka. Ya dubi 'yarsa, ya ga ta kafe farantinta da ido, sai ya gane tun tana aji biyun ta sani. Ta yi ta wuce tagar nan safe da yamma. Bara ma ta bari aka cinye mata shekara da kwalbar taga, don kawai kada ta ce wa ubanta ya yi kuskure a abu ɗayan da duniya ta san shi da shi.

Shinkafa ta bi masa ta inda ba hanyarta ba. Malama ta tura masa kofi.

"Sha, Baban Raɓa. Na firij ne, bai kwana a taga ba."

Ya sha. Ya goge baki. "Ai dama abin da nake shirin cewa ke nan," in ji shi. "Kula. Kin riga ni ne kawai."

Lahadi ya yini yana duba sama ko za a yi ruwan da zai cinye gada. Sama ta yi fes kamar an wanke ta.

Litinin da safe suka shiga bas, Raɓa ta rungume kular a cinya kamar za a ƙwace. Sau biyu ya ce ta kawo ya taya ta, sau biyu ta ce ba nauyi. Da suka hau gadar ya fara ba ta labarin wata jami'a a ƙasar waje da aka ce ruwanta daga kan dutse yake gangarowa, ko za ta jira baɗi a bincika. Ta ce, "Baba, ga tasharmu."

Famfon sashen kimiyyar muhalli yana ƙarshen baranda, kusa da ofis, yana ɗiga cikin wani bokiti da aka ɗaure masa da waya. Mai Kwalba ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ya wanke hannu, ya kunna 'yar wutarsa, ya gasa bakin famfon, kuma tunda ana kallonsa sai hannun ya yi abin da ya saba, ba ragi. Yana cikin jiran ruwan ya zuba sai wata mata mai tabarau a goshi, sakatariyar sashen, ta leƙo daga ofis. Ta sauke tabarau, ta dube shi da kyau.

"Yauwa, kai ne dai. Bawan Allah, tsakaninka da Allah, wane kamfani ne yake turo ka? Tun ina sabuwa a ofishin nan kake zuwa. Ka duba famfon nan, ka ɗebi ruwa, ka girgiza kai, ka tafi. Mu ce to, gobe zai dawo da kayan aiki. Ga shi har yau yana ɗiga."

"Baiwar Allah, ni ba mai gyaran famfo ba ne."

"Ai mun gani."

Raɓa ta juya ta fuskanci allon sanarwa, ta shiga karanta jadawalin jarrabawar da ba tata ba, kafaɗunta suna rawa.

"Ni," in ji Mai Kwalba, sai ya tsaya, don bai taɓa faɗar abin a cikin jami'a ba, a waje kawai yake faɗa. "Makarantar nake dubawa. Da niyyar shiga."

Matar ta dubi furfurar da ta fara cin gefen kansa, ta dubi kwalbar, ta mayar da tabarau goshi.

"To Allah ya sa a gama dubawa lafiya. Amma in kana da sifana, ka taimaka mana."

Ya cika kwalbar, ya rufe, Raɓa ta buɗe kula ya kwantar da ita. Suna komowa ta barandar sai suka wuce wata ƙofa da aka bari rabi a buɗe. 'Yan digiri na biyu ne a ciki. Bai yi niyyar tsayawa ba, ƙafarsa ce ta tsaya. A layin gaba akwai wani dattijo, kai fari fat, ya girme shi nesa ba kusa ba, tumbinsa da ƙyar ya samu wuri tsakanin kujera da tebur. Malamar, wadda ba ta fi Raɓa da wasu shekaru masu yawa ba, ta yi tambaya a kan yadda ruwa yake tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Dattijon ya ɗaga hannu da ƙarfin gwiwa, ya miƙe, ya ba da amsa, amsar kuwa ko hanyar garin ba ta bi ba. Aji ya kwashe da dariya. Mai Kwalba ya tsaya ya ga yadda mutumin zai tattara takardunsa ya fita, ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Dattijon dariya ya yi shi ma, har da buga tebur, ya ce don Allah a maimaita masa a hankali, ya sunkuya ya rubuta. Shi ke nan. Rufin bai faɗo ba.

"Baba," in ji Raɓa, "ƙanƙara tana narkewa."

Tunda yake, ba a taɓa tuna masa wannan ba sai ranar.

A ɗakin gwaji suka tarar da abokin aikinsa, wanda ake ce wa Dogo saboda sai ya taka akwati yake kaiwa kan kanta. Dogo ya gaisa da Raɓa, ya leƙa kular, ya karanta sunan da ke jikin kwalbar.

"Ikon Allah. Jami'a a cikin kula. Ashe tana shiga."

"Dogo, ba ni faranti."

"Na ɗauka su sai sun yi wata a gidanka sun nuna tukuna."

"Faranti na ce."

Ya tace ruwan ta 'yar farar takardar tacewa, ya ɗora ta a farantin gwaji, ya rufe, ya sa a akwatin ɗumi. In akwai ƙwayoyin cuta, kafin gobe za su tsiro ɗigo-ɗigo a kan takardar. In babu, za ta wayi gari fara yadda aka sa ta. Raɓa ba ta motsa ba sai da ta ji ƙofar akwatin ta kama.

Washegari ya riga kowa zuwa, hannunsa cike da hujjoji da ya tsinto a hanya. An buɗe kular sau ɗaya a bas, lokacin da Raɓa ta duba ƙanƙara. Sakatariya ta yi magana a kusa da kwalbar, kuma mai yawan magana ba ya rasa feshin yawu. Samfur ɗaya ba ya yanke hukunci. Mai hankali yakan maimaita. Maimaitawa kuwa sai an sake ɗebowa, gobe yana da zagayen unguwanni, jibi akwai taro, Juma'a za ta zo da ƙafarta ba wanda ya kira ta. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da ya sa suka fi ƙarya haɗari ke nan.

Ya buɗe akwatin, ya ɗauko farantin. Fari. Ya kai shi bakin taga ya ɗaga. Fari. Ya karkata shi dama, ya karkata hagu, ya matso da shi har hancinsa ya kusa taɓa murfin.

Sai ga shi. Ɗigo, ɗan mitsitsi, a gefen hagu.

Wani daɗi ya taso masa daga ciki har maƙogwaro. Ya ji fuskarsa ta buɗe da murmushi. Ya juya farantin don ya ƙara gani, ɗigon bai juya ba. Ya kawar da kai, ɗigon ya bi shi ya sauka a bango. Ya cire tabaransa ya duba. Shayin safe ne ya fantsamo ya bushe a jikin gilashin.

Ya goge da gefen riga, ya zauna a doguwar kujerar ɗakin gwaji. Ba ɗigon ne ya zaunar da shi ba, murmushin ne. Tunda ya fara aikin nan, ɗigo a faranti baƙin labari ne: wata unguwa yara za su kwanta da ciwon ciki, a yi ta guje-guje ana rufe bututu. Bai taɓa ganin ɗigo ya yi murna ba. Yau ya yi, kuma a kan kujerar 'yarsa ya yi ta. Ya tambayi kansa ko bara ma ya murmusa. Ya bincika a tsanake, yadda ya saba bincike, sakamakon bai yi masa daɗi ba.

Dogo ya shigo da burodi a hammata.

"Yaya jami'a ta kwana?" Ya taka akwatinsa ya leƙa. "Fes. Kamar ba a sa komai ba. Ko za a maimaita? Na san halinka."

Ƙofa ce Dogo ya buɗe masa har bango. Mai Kwalba ya dube ta, ya ga duk hanyar da ke bayanta, shimfiɗaɗɗiya, mai inuwa, ya san kowane kwana nata.

"An ɗiba daidai, an sa a kan lokaci," in ji shi. "Me za a maimaita? Rubuta ya shawu."

"Da bakinka ka faɗa? Tsaya in sauko, kada in faɗo."

Kada a ɗauka ya koma gida ya nemi gafarar kowa. Ba irin mutanen nan ba ne. Ya shigo da yamma, ya cire takalmi, ya wanke hannu, ya bari sai da ya ga uwa da 'ya sun gaji da yin kamar ba jiransa suke yi ba.

"Sun gyara," in ji shi. "Da alama zuwan da nake yi duk shekara ya sa sun shiga taitayinsu. Ita hukuma haka take, sai ana sa mata ido."

Malama ta buɗe baki. Ta dubi 'yarta, wadda ta rufe fuska da tafin hannu, ba a san ko dariya take ko kuka ba. Karon farko tun da aka yi auren, Malama ta bar lissafi rabi.

"Na gode, Baba," in ji Raɓa ta cikin yatsu.

"Ba ni za ki gode wa ba. Kimiyya ce."

"Kimiyya tana buƙatar tebur," in ji Malama, wadda haƙurinta bai wuce nan ba. "Ɗalibar digiri na biyu ba ta karatu a falo. Akwai ɗakin karatu a gidan nan, na ji ana faɗa."

Da kansa ya kwashe kwalaben. Ya kai su kicin ya shiga buɗewa ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa, ta bayan gada, ta hanyar filin jirgi, mai nisan nan da ya yini a mota don ita. Warin da ya tashi ya kori Malama zuwa baranda, har maƙwabcinsu na ƙasa ya hawo yana tambaya ko kwatar ce ta sake fashewa, in haka ne a kira taro, kuma wannan karon kowa sai ya shiga kwamiti. Mai Kwalba ya wanke kwalaben, ya tafasa su, ya kife su su tsane. Bakin tagar ya fito da zobe-zobe a jikin fenti, Raɓa ta ce a bar mata su haka.

Da safe ta shirya za ta je rajista. Ya raka ta bakin ƙofa cikin kayan aikinsa, kula a kafaɗa. Ya gaya mata bas ɗin da za ta shiga, wanda ta sani. Ya ce ta zauna a layin gaba, kada ta ji tsoron ɗaga hannu, in ta faɗi ba daidai ba ba abin da zai faru, shi ya gani da idonsa. Ya ce ruwan nasu ya shawu, amma duk da haka ta tafi da na gida. Ta ce to, to, to, ta fara sauka.

Ya waiga wajen kicin. Ƙarar wanke-wanke ta tsaya cak, yadda takan tsaya in mai wanke-wanken ta kasa kunne, amma shi da ya yi shekaru a wancan gefen katakon bai yi tunanin ta nan ma ana ji ba. Ya leƙa matakala, ya sauke murya.

"Raɓa. In kin ga matar nan ta ofis, ki tambaye ta, ajin nan na dattijon, ko suna da na yamma, na masu aiki. Ba ni ba. Wani ne a wurin aikinmu yake tambaya." Ya gyara igiyar kular a kafaɗa. "Ki ce mata yana da sifana."